Oshikatsu: wai matasan Japan bautar mawaka suka koma ne, ko kalmomin addini kawai suka ara?

Duk mai leka shafukan matasan Japan a X ko Instagram zai taba cin karo da irin hoton nan: teburi a kuryar daki, an jera bajo-bajo masu fuskar mutum daya sun kai dari ko fiye, ga 'yan mutum-mutumin roba, ga kyandir, ga kek a tsakiya an rubuta suna, shi kuma mai sunan bai ma san ana yi ba, wani lokacin ma ba mutum bane sam, zanen katun ne. Masu abin da bakinsu suke kiran teburin saidan, kalmar da asalinta ta wurin ibada ce, inda ake ajiye hadaya. Toh daga nan rudanin yake farawa, kasar da yawancin mutanenta in ka tambaye su zasu ce maka basu da addini, ita ce kuma matasanta suke magana akan mawaka da 'yan katun da harshen masu ibada.

Menene oshi, menene oshikatsu

Oshi ta fito ne daga kalmar osu, wato ka tura mutum gaba, ka tsaya masa. In za a kawo ta kusa da bakinmu sai a ce gwani, kamar yadda mutum zai ce wane ne gwanina. Katsu kuma guntun katsudo ne, harka ko hidima, irin yadda suke ce wa neman aiki shukatsu, neman aure konkatsu. Kaga oshikatsu kenan hidimar gwani. Gwanin zai iya zama mawakiya, dan wasan kwaikwayo, dan kwallo, mai sanya murya a katun, ko wadannan masu fitowa a YouTube da fuskar zane da ake kira VTuber, kai har jirgin kasa da tsohuwar fadar sarakuna akwai masu rike su a matsayin oshi.

Bambancinsa da masoyi na haka kawai shine nauyi. Masoyi yana jin waka ya ji dadi ya wuce abinsa, mai oshi kuwa yana jin cewa daukakar gwanin nan tana wuyansa, in gwanin bai kai ba to da sakacinsa a ciki. Kalmar ta yadu ne daga bakin magoya bayan kungiyar 'yan mata mawaka ta AKB48 da Yasushi Akimoto ya kafa a 2005 a unguwar Akihabara ta Tokyo, sannan a 2021 oshikatsu ta shiga jerin kalmomin da aka tsayar takarar kalmar shekara a Japan.

Kalmomin da suka janyo maganar

In gwani ya yi abin burgewa sai kaji an ce totoi, kalmar da da ake fada akan abu mai tsarki da daraja. Kudin da aka kashe masa ofuse ne, sunan sadakar da ake ba limaman addinin Buda. Janyo kawa ko aboki ya shigo layin gwaninka sunansa fukyo, wato yada addini. Ranar haihuwarsa seitansai, kalmar da aka saba ji akan bikin haihuwar manyan bayin addini. Zuwa garin da aka dauki fim dinsa ko titin da aka zana a katun shine seichi junrei, ziyarar wurare masu tsarki. Ita kuwa kalmar kami, wadda ake fassarawa da abin bauta, ba a magana, 'yan mata bakwai da suka fi farin jini a AKB48 ana ce musu kami bakwai, mawakin da ya karbi masoyi da fara'a an ce ya yi karbar kami. Wanda ya ji wannan jeri a fassara dole ya ce ai magana ta kare, bauta ce. Sai dai kafin a yanke hukuncin akwai kalmomi biyu da sai an tsaya akansu, addini da kami, domin abinda suke nufi a can daban yake da abinda mai karatu a Kano ko Maradi zai dauka.

"Bani da addini" ta mutumin Japan

A binciken da gidan yada labarai na NHK ya yi a 2018, kashi 62 cikin dari sun ce basu bin wani addini, kashi 31 suka ce Buda, kashi 3 Shinto (addinin gargajiyar Japan), kashi 1 Kirista. Amma in ka dauki alkaluman da kungiyoyin addinai suke mika wa hukumar al'adu ta gwamnati ka hada, yawan mabiyan ya zarce yawan mutanen kasar gaba daya, saboda mutum daya ana kirga shi a wurin bautar Shinto na unguwarsu ana kuma kirga shi a haikalin Buda da kabarin kakanninsa yake. Shi wannan da ya ce maka bashi da addini, ranar sabuwar shekara zaka same shi a layi a wurin bauta yana jefa sulalla yana tafa hannu, in an yi masa haihuwa a kai jaririn wurin Shinto, aurensa watakila a dakin da aka gina kamar coci, in ya mutu limamin Buda ne zai yi masa karatu, kuma baya ganin wani tufka da warwara a ciki.

Dalili shine kalmar shukyo da ake fassarawa da addini bakuwa ce a ma'anarta ta yau, a karni na 19 aka daidaita ta don fassara kalmar Turawa, shi yasa take dauke da kamshin kungiya mai shugaba da akida da rajistar mabiya. Tarihi kuma ya kara mata nauyi. An yi zamanin da gwamnati ta rike Shinto ta dora sarki a matsayi na tsarki, aka shiga yaki da wannan, bayan an sha kaye sarki Hirohito ya fito ranar 1 ga Janairu 1946 da sanarwar da aka dauka a matsayin sauka daga wancan matsayin, tsarin mulkin 1947 kuma ya raba gwamnati da addini. Sai ranar 20 ga Maris 1995 kungiyar Aum Shinrikyo ta saki iskar guba ta sarin a jiragen karkashin kasa na Tokyo, mutum 13 suka mutu a lokacin, dubbai suka jikkata. Sannan a Yulin 2022 aka harbe tsohon firaminista Shinzo Abe a Nara, wanda ya yi harbin ya ce haushin Cocin Unification ne, wadda mahaifiyarsa ta ba kyautar kudi wajen yen miliyan 100 har gidansu ya talauce. Matashin da ya taso a cikin wannan, in ka ce masa shukyo abinda zai fara zuwa masa shine damfara da wankin kwakwalwa. Don haka bani da addini dinsa tana nufin ban shiga wata kungiya ba, bata nufin bana roko, bana daukar laya, bana gaida kabarin kakana.

Masana irin su Ian Reader da George Tanabe sun dade da nuna cewa addinin yau da kullum a Japan yafi karkata ga aikatawa da neman amfanin duniya, abinda ake kira genze riyaku: cin jarrabawa, lafiya, ciniki, samun miji. Me ka yi imani da shi ba ita ce tambayar farko ba, me ka yi ita ce.

Kami ba Mahalicci bane

Nan ne fassara tafi yin barna. A Shinto ana cewa kami miliyan takwas ne, ma'ana basu kirguwa, dutse, bishiya, kogi, tsauni, duk abinda yake da wani kwarjini da ya wuce na yau da kullum. Mutane ma suna zama kami bayan sun mutu. Sugawara no Michizane malami ne kuma ma'aikacin fada da ya rasu a 903, yau shine Tenjin da dalibai suke zuwa roko lokacin jarrabawa. Tokugawa Ieyasu, tsohon shugaban mulkin soja, wurin bautarsa yana garin Nikko, sarki Meiji yana da nasa wurin a tsakiyar Tokyo. Kami baya bukatar ya zama shi ya halicci komai, baya bukatar ya zama marar aibi, kuma zuwa wurin wannan baya hana ka zuwa wurin wancan. Tazarar da ke tsakanin shahararren mutum da kami a wannan tunanin gajeruwa ce, shi yasa yarinya zata ce gwaninta kami ne tana dariya, ba tare da ta ji ta fadi wata babbar magana ba.

Kuma abin ba yau ya fara ba. Tun karshen karni na 17 dan wasan kabuki (wasan dandali na gargajiya) Ichikawa Danjuro na farko ya roki haihuwa a haikalin Naritasan, ya samu da, gidan nasu ya rika fitowa a dandali a siffar Fudo Myoo abin bautar haikalin, 'yan kallo suna jefa kudin sadaka kan dandalin, har yau kuma akwai camfin cewa wanda Danjuro ya yi wa hararar nan tasa ta gado da ake kira nirami ba zai yi mura ba shekara guda. A Maris 1970 daruruwan masoya sun taru a ginin kamfanin dab'i na Kodansha aka yi jana'izar Rikiishi Toru, dan damben da ya mutu a cikin labarin zane na Ashita no Joe, da limamin Buda na gaske yana karatu.

Inda masoya suka hadu da wuraren bauta na gaske

Misalin da aka fi nazari shine wurin bautar Shinto na Washinomiya a jihar Saitama. A 2007 aka nuna katun din Lucky Star wanda wasu 'yan matan cikinsa 'ya'yan limamin wani wurin bauta ne da aka zana shi daga wannan, sai samari suka fara tururuwa. Masu ziyarar sabuwar shekara suka kai dubu 300 a 2008, sama da ninki biyu na shekarar baya, zuwa 2011 sun kai dubu 470. 'Yan kasuwar garin basu kore su ba, suka hada kai da su, har aka kera karagar da ake dauka a kafada ranar bikin gari mai dauke da zanen 'yan katun din, masoya suna dauka tare da 'yan gari. A kan allunan katakon da ake rubuta bukata a rataye, ema, sai ka ga an zana 'yar katun da kyau sannan a gefe an rubuta rokon cin jarrabawa ko samun aiki. Wa ake roko, kami na wurin ko yarinyar zanen? Yawanci mai rubutun bai ga dalilin rabawa ba.

Haka Kanda Myojin da ke kusa da Akihabara ya hada hannu da masu katun din Love Live yana sayar da layu da alluna masu hotonsu, masoyan dan wasan kankara Yuzuru Hanyu suka mayar da wurin bautar Yuzuruha na Kobe wurin yi masa rokon nasara don kawai sunayen sun yi kama, a 2016 kuma aka kafa kungiyar yawon bude ido ta anime (katun din Japan) da take fitar da jerin wurare 88, adadin da aka dauko daga tsohuwar ziyarar haikali 88 ta tsibirin Shikoku. A lura da wani abu a misalin Hanyu, masoyan ba shi suke roko ba, shi suke roka wa.

Me yasa abin ya yi karfi yanzu

Dalili na farko kasuwanci ne tsagwaronsa. Daga 2009 zuwa 2018 AKB48 tana yin zaben shekara, kuri'ar tana cikin faifan CD, kana so gwanarka ta hau sai ka sayi faifai goma ko dari, haka tikitin musabaha na 'yan dakikoki shima a cikin faifan yake. Wannan tsari ya mayar da so abin kirgawa, kuma kusan kowa ya kwafa, daga kayan da ake sayarwa a rufe baka san hoton wa zaka samu ba sai ka yi ta saye, zuwa kyautar kudi kai tsaye a YouTube da take kaiwa yen dubu 50 a tura daya.

Na biyu yanayin rayuwa. Kidayar 2020 ta nuna kusan kashi 28 na maza da kashi 18 na mata sun kai shekara 50 basu taba aure ba, a 2024 haihuwa ta sauko kasa da dubu 700 a karon farko, albashi ya dade bai motsa ba, a 2021 har minista aka nada akan matsalar kadaici. Gida, mota, aure, abubuwan da iyaye suka yi wa tanadi sun yi wa da yawa nisa, tikitin kallon gwani kuwa yana nan kusa. Korona ta zo ta rufe mutane a daki da waya a hannu, abin ya kara yaduwa har ga wadanda da suke jin kunyar a kira su otaku, wato mayun katun da makamantansu.

Ra'ayoyin da ake da su

Bangare na farko suna kallon aikin da abu yake yi a rayuwar mutum. Suka ce in addini shine abinda yake ba ka dalilin tashi da safe, jama'ar da kake ciki, kalandar bukukuwa, wurin ziyara da abinda kake sadaukarwa dominsa, to oshikatsu ta cika duka. Suna yawan kawo littafin Rin Usami mai suna Oshi, Moyu da ya ci kyautar Akutagawa a farkon 2021, inda yarinyar labarin take kiran gwaninta kashin bayanta. A wurinsu gurbin da haikali da unguwa da kamfani suka bari ne aka cike.

Bangare na biyu, kuma da yawan masoyan suna nan, suna cewa wasa ne da kalmomi, kambamawa ce irin ta matasa. Oshi baya ce maka komai akan mutuwa ko abinda ke bayanta, bashi da dokar halal da haram, kana iya canja shi, akwai ma kalmar hakan, oshihen, kana iya rike biyar a lokaci daya. Kuma sun kara da cewa alkiblar ma a juye take, mai ibada yana neman taimako daga sama, mai oshi shine yake ganin gwanin yana bukatar taimakonsa, yafi kama da uwa ko uban gida. Masu sukar wannan ra'ayi suna amsawa da cewa ma'aunin akida da lahira ma'aunin Musulunci da Kiristanci ne, in aka auna Shinto na yau da kullum da shi shima faduwa zai yi, don haka hujjar bata raba gardama ba.

Bangare na uku basu damu da sunan ba, suna kallon wanda yake karbar kudin. A ganinsu kamfani ne ya gina teburin ya kuma sa farashi, kalmomin tsarki suna rufe ciniki ne kawai, wanda ya kira kudinsa sadaka ba zai tambayi ko kayan sun kai kudin ba. Suna nuna dokar hana soyayya da ake dora wa 'yan mata mawaka, wadda a 2013 ta kai Minami Minegishi ta AKB48 ta aske kanta ta fito a bidiyo tana kuka tana neman gafara don an gan ta ta kwana gidan saurayi. Suna nuna kuma batun Johnny Kitagawa, mai kamfanin mawaka maza mafi karfi a kasar, wanda zargin lalata da yara ya bi shi shekaru da dama ana kauda kai, sai bayan mutuwarsa a 2019 da shirin BBC na 2023 kamfanin ya amsa laifin. Su kansu limaman ba bakinsu daya ba, wasu suna maraba saboda kauyuka suna tsufa kuma wuraren bauta da yawa basu da mai kula da su, wasu suna korafin masu zuwa daukar hoto kawai.

Me yake jawo wa talaka

Wani binciken kamfanonin talla da aka fitar a 2025 ya kiyasta masu oshikatsu wajen miliyan 14, kowanne yana kashe kimanin yen dubu 250 a shekara, jimilla yen tiriliyan 3.5, kiyasin 'yan kasuwa ne amma yana nuna girman abin. Otal suna sayar da dakin bikin haihuwar gwani, shagunan yen dari suna da layin kayan ado na masoya, kananan garuruwa suna fatan a zana su a katun. Ga mutum daya kuwa amfanin da aka fi ambata shine abokai da karfin jure aiki, kuma ba matasa kadai ba, akwai iyaye mata da kakanni a ciki.

Cutarwar tana fitowa ne inda gwanin yake kusa har ana iya taba shi. Kananan mawakan da basu yi suna ba da samarin da ake biya su taya mata hira a mashaya (host) suna sayar da hoto da hira da kulawa, yarinya ta ci bashi don nata ya zo na daya a wata, wasu har a tura su karuwanci su biya, abinda ya sa aka gyara dokar wuraren shakatawa a 2025 aka hana amfani da soyayya wajen dora wa kwastoma bashi. Su ma gwanayen suna cikin hadari, a 2014 wani ya kai wa 'yan AKB48 biyu hari da zarto a wurin musabaha a Iwate. Sannan akwai ranar da gwani zai yi aure, ko ya yi ritayar da suke kira kammala karatu, mutum ya wayi gari da daki cike da kaya da shekarun da ya zuba.

A wurin doka ma sunan yana da tasiri. Bayan kisan Abe, a Disamba 2022 majalisa ta yi dokar hana kungiyoyi tatsar gudummawa ta hanyar tsoratarwa, wadda ta ba mai bayarwa damar janye kyautarsa, a wasu halaye ma iyalinsa su nemi a dawo da wani bangare. Wanda ya sayi faifai dari uku kuwa, ko da shi yana kiran kudin ofuse, a takarda ciniki ya yi, wannan dokar bata shafe shi ba. Abinda ya rage shine ka'idar da ta ba iyaye damar soke cinikin da yaro ya yi ba da izininsu ba, ita ma tun 1 ga Afrilu 2022 da aka sauko da shekarun balaga daga 20 zuwa 18, dan shekara 18 da 19 sun fita daga karkashinta.